Littafin Aikin Sa Wa Motar Gida Intanet

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024, Houston

Yau na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta yadda aikin sa wa motarmu intanet yake tafiya, tun da na lura cewa duk abin da ban rubuta ba mantawa nake yi da shi, har in koma ina gwada abin da na riga na gwada. Motar irin wadda Amurkawa suke kira RV ce, wato wadda aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da ɗan madafi da makewayi, amma ni motar gida nake ce mata. Tsawonta ƙafa 22 ne, ta ɗara bas ɗin da ake lodi a tashar Unguwa Uku tsawo da tsayi, kuma jikinta ƙarfe ne zalla. Mun saye ta ne daga hannun wani a watan Agusta, ni da mai ɗakina, da niyyar mu bi babbar hanyar I-10 daga nan Houston mu yi yamma, mu ci sanyin bana a hamadar Arizona, mu dawo gida kafin azumi.

Ma'auni biyu na sa wa aikin. Na farko na wurin aikina ne, inda suka amince in yi aiki daga ko'ina a cikin ƙasar, muddin ba a neme ni an rasa ba a taron bidiyo na safiyar Litinin da na Laraba. Na biyu kuwa na Hajiya ne, wadda nake kira a Kano kowace Juma'a, kuma ba ta ƙirga kiran murya a matsayin gaisuwa, sai ta ga fuska ta tabbatar ban rame ba. Saboda haka ba gudun sauke fim nake nema ba. Abin da nake bukata shi ne hoto da murya su fita daga motar har tsawon awa ɗaya ba tare da sun yanke ba, wanda megabit 3 a daƙiƙa na aikawa ya isa ya ɗauke shi idan bai yi ta hawa da sauka ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gwajin farko mun yi shi a gandun Huntsville, kimanin kilomita 110 arewa da Houston, da wayar hannuna kaɗai, ina rarraba datarta zuwa kwamfuta. A bakin ƙofar gandun komai lafiya, amma da muka shiga cikin itatuwa muka yi fakin, na rufe ƙofar mota, sai shafin aiki ya tsaya yana ta juyawa, alhali wayar tana nuna sanda biyu na sabis.

Na shiga cikin saitin wayar na samo ainihin lambar ƙarfin sabis, wadda masu sana'ar suke kira RSRP, na riƙa karanta ta a wurare daban-daban. A kan teburin cikin mota ta nuna -114, a jikin gilashin gaba -107, da na hau tsani na ɗaga wayar saman rufi kuwa ta nuna -99. Lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau, kuma duk bambancin 3 yana nufin ƙarfin ya ninka sau biyu, don haka tazarar 15 da ke tsakanin tebur da rufi tana nufin abin da ke isowa rufi ya ninka na ciki kusan sau talatin. Jikin motar ne yake tare sabis ɗin, kamar yadda rediyo yake shaƙewa idan aka shiga da shi shagon kwantena. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a wurare biyu daga cikin ukun nan sandunan wayar ba su motsa ba ko kaɗan. Daga yau na daina dogaro da su.

Da dare na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan yarjejeniyar layina, wanda ban taɓa karantawa ba. Datar da aka ce ba ta da iyaka ta wayar ce kanta, amma wadda ake rarrabawa zuwa kwamfuta tana da kaso, kuma idan kason ya ƙare gudunta yana faɗuwa ƙasa da megabit ɗaya har ƙarshen wata.

Asabar, 26 ga Oktoba

Mako biyu na yi ina bincike kafin in kashe ko kwabo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan kamfanonin wayar hannu a Amurka uku ne, Verizon da AT&T da T-Mobile, sauran ƙananan da ke sayar da layi da araha kuma yawancinsu a kan turakun waɗannan ukun suke hawa. Abin da ya shafi matafiyi shi ne zangon da ake watsa sabis a kansa. Ƙaramin zango, irin na megahaz 600 da T-Mobile take amfani da shi da na 700 da sauran biyun suke da shi, yana tafiya nesa kuma yana ratsa itatuwa, sai dai ba ya ɗaukar kaya da yawa. Babban zango yana da gudu sosai, amma ba ya nisa da ƙarfen sabis, shi ya sa 5G ɗin da ake talla da shi a cikin gari ba shi ne zai cece ni a daji ba. Duk na'urar da zan saya dole ta iya kama ƙananan zangunan nan.

Na yanke shawara a kan rauta, wato na'urar da ke kama sabis ta rarraba shi ta Wi-Fi, mai cin sim biyu, wadda take aiki kai tsaye da wutar batirin mota mai bolt 12, da eriyar rufi mai kama da ƙoƙon da aka kife, wadda take ɗauke da ƙananan eriyoyi huɗu na sabis a cikinta. Amfanin huɗun shi ne ƙarfen sabis yana iya aiko da data ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, rauta ta haɗa su. Na sayi layukan data daga kamfanoni biyu daban, kuma a cikin littafin nan zan riƙa kiransu layin farko da layi na biyu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Jiya na huda rufin motar. Na auna wurin sau uku daga ciki don kada in faɗa kan ƙarfen da ke tallafe da rufin, na manna tef a kai, sannan na ɗora bakin na'urar huji. Mai ɗakina tana tsaye a ƙasa riƙe da tsani, ta ɗago kai ta ce, "Malam, motar da ba mu gama biyan kuɗinta ba ce za ka huda?" Na ce mata rami ɗaya ne tak, ta ce ai na rijiya ma ɗaya ne. Hujin kansa bai ɗauki minti ɗaya ba, amma sharar garin ƙarfen ta ci rabin awa, domin duk ɓurɓushin da aka bari a kan fenti zai yi tsatsa da raɓar farko. Na goge bakin ramin, na shafa masa fenti, na jira ya bushe, na zura wayoyin eriya guda bakwai ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure noti daga ciki, sannan na zagaye gindin da gam mai hana yoyo. Rautar na kafa ta a cikin durowar da ke daidai ƙarƙashin ramin, saboda kowace mita ta wayar eriya tana cinye wani abu daga ƙarfin da aka sha wahala aka kamo.

Da na kunna, sai na ga sakamakon bai fi na wayar hannu ba. Na yi awa biyu ina zargin eriya da rauta da wanda ya sayar mini da su, ashe laifin nawa ne. Daga cikin wayoyi bakwai ɗin, huɗu na sabis ne, biyu na Wi-Fi, ɗaya na gane wuri, kuma kan na Wi-Fi yana ɗauruwa lafiya a mazaunin na sabis, sai dai ba shi da 'yar allurar tsakiya da ke haɗa su. Biyu daga cikin huɗun da na ɗaura na Wi-Fi ne, wato a banza suke rataye. Da na gyara, lambar ta koma -88 a ƙofar gidanmu. Na naɗa wa kowace waya tef mai launi dabam don kada in sake.

A daren jiya ne aka mayar da agogon Amurka baya da awa ɗaya, don haka tazararmu da Kano ta koma awa bakwai maimakon shida. Na rubuta a jikin ƙofar firiji don kada in kira Hajiya a lokacin sallar magariba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na zauna da taswirar sabis ta hukumar sadarwa ta FCC na bi hanyarmu da yatsa, na ga cewa daga garin Marathon zuwa kudu, inda gandun Big Bend yake, taswirar fari fat take a mafi yawan wurare. Eriya ba ta kamo abin da babu shi. Saboda haka na sayi ƙaramin farantin Starlink mai kama intanet daga taurarin ɗan adam, wanda suke kira Mini, a kan dala 599, da tsarin matafiya na gigabait 50 a kan dala 50 a wata. Girmansa bai wuce na kwamfutar cinya ba, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya, Wi-Fi ɗinsa a cikinsa yake, kuma wutar da yake ci tsakanin wat 25 ne zuwa 40, abin da ya sa na fifita shi a kan babban farantin da ke cin ninki biyu ko fiye. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 550, ba kamar na talabijin da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 ba, shi ya sa magana ba ta jinkiri har mutum biyu su riƙa cin karo da juna. Ƙanina da ke Kaduna ya yi mini dariya da na ba shi labari, ya ce tun 2023 suke amfani da shi a ofishinsu, kuma gaskiyarsa ce, domin Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara sabis ɗin a cikinta, a watan Janairun shekarar.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mun koma Huntsville don gwada kayan gaba ɗaya. Rauta da eriyar rufi sun yi abin da aka saye su dominsa, domin a daidai wurin da waya ta gaza a watan jiya na yi kiran bidiyo na minti arba'in da layi na biyu ba tare da ya yanke ba. Farantin ne ya koya mini darasin da ban zata ba.

Duk wanda ya tashi a Kano, idan ya isa wuri da mota, idonsa inuwa yake nema kafin komai, kuma haka na yi ba tare da na yi tunani ba. Na zaɓi wuri mafi sanyi a ƙarƙashin dogayen itatuwan fain, na ajiye farantin a kan teburin waje, na zauna ina jin daɗin iska. Ya kama, gudunsa kuma ya ba ni sha'awa, amma duk bayan 'yan mintoci sai ya ɗauke na daƙiƙa biyar ko goma. Mai karanta labarai ba zai ma lura ba, amma a kiran bidiyo kowace ɗaukewa fuskar mutum ce take daskarewa da baki a buɗe. Dalilin shi ne taurarin ba a tsaye suke ba, wucewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, farantin yana sakin wannan yana kama wancan, kuma duk lokacin da hanyar ta biyo ta bayan reshe sai zance ya tsinke. Yana bukatar sarari mai faɗin kusan digiri 110 na sama, galibi ta wajen arewa a wannan yankin, ba tare da ganye ko bango ba. Manhajarsa tana da wurin da mutum zai ɗaga waya ya zagaya da kyamara ta nuna masa inda aka tare, kuma da na yi haka sai rabin da'irar ya fito ja.

Na ɗauki farantin na yi ta yawo da shi a cikin gandun kamar mai tallan goro, har na samu wani fili kusa da bakin tafki inda da'irar ta wanke. Wayar wutarsa mita 15 ce, filin kuma ya fi mita arba'in daga inda muka yi fakin. Mafita ɗaya ce ta rage, wato a tayar da mota a fita daga inuwa. Mai ɗakina ba ta ce komai ba, ta dai naɗe tabarmarta. Na fahimci yanzu cewa kayan nan biyu bukatunsu sun saɓa wa juna da kuma namu: eriya tana son tudu da kusanci da hanya, faranti yana son fili fetal, mu kuma muna son inuwa. Saboda wannan ne na fasa kafa farantin a kan rufi dindindin, gara ya zauna a hannu in riƙa kai shi inda sama take a buɗe.

Litinin, 9 ga Disamba, Fort Stockton

Mun baro Houston ranar Asabar. A kan I-10, daga San Antonio har zuwa nan, layukan biyu suna karɓa-karɓa, kuma taron safiyar yau na yi shi a filin fakin na wani kanti ba tare da na fito da faranti ba.

Juma'a, 13 ga Disamba, Big Bend

Bayan mun wuce Marathon muka miƙa kudu a kan hanya mai lamba 385, ba mu yi nisa ba layin farko ya ɗauke, na biyu ya bi bayansa, daga nan sai duwatsu da ƙaya na tsawon fiye da kilomita 100 har zuwa Panther Junction, inda hedikwatar gandun take. Mun sauka a zangon Rio Grande Village, kusa da kogin da ya raba Amurka da Meksiko, na kuma yi hankali na zaɓi wurin da manyan itatuwan zangon suke ta kudu da mu.

Yau da ƙarfe tara na safe, wato huɗu na yamma a Kano, bayan Hajiya ta idar da la'asar, na shimfiɗa doguwar wayar, na kai farantin fili, na jona shi kai tsaye da batirin mota kamar yadda na tsara don in huta da asarar da inbata take yi. Ya kunna, ya fara neman taurari, sai ya mutu ya sake tashi. Haka ya yi sau biyar ina tsugune a gabansa cikin sanyi, ina kallon agogo. A Huntsville bai yi haka ba, domin can akwai wutar zango, da cajarsa ta bango na yi amfani. Sai da na ɗauko mita na auna bakin wayar sannan na gane. A bakin batir bolt 13 ne da ɗoriya, amma a ƙarshen mita 15 na siririyar waya, a daidai lokacin da farantin ya ja wuta da ƙarfi don tashi, abin da ke isa gare shi yana faɗowa ƙasa da abin da zai riƙe shi. Idan bolt ya yi ƙasa dole yawan wutar da ke gudu a cikin waya ya ƙaru kafin a samu ƙarfi ɗaya, kuma yawan gudun nan shi ne yake ɓacewa a hanya, zuwa da dawowa mita talatin. Lissafin aji ɗaya ne na makarantar koyon sana'a, kuma na san shi, ban dai yi shi ba.

Na kunna inbata na jona cajar bango, farantin ya tashi cikin 'yan mintoci. Kiran ya shiga da ƙarfe goma saura kwata. Hajiya ta matso da fuskarta har goshinta ya cika allon, ta ce, "Kai ɗan nan, na zaci dajin ne ya cinye ku." Na juya mata kyamara ta ga duwatsun Sierra del Carmen da ke tsallaken kogi, ta yi shiru, sannan ta tambaya ko akwai masallaci a kusa. Minti hamsin muka yi, hoton bai daskare ko sau ɗaya ba. Da yamma na yi odar 'yar na'urar da ke ɗaga bolt 12 zuwa 24, na sa a aiko ta gidan wayan garin Alpine da sunana in je in karɓa.

Talata, 17 ga Disamba

Mun bi hanyar bakin kogi mai lamba 170 daga Lajitas zuwa Presidio. Muna dab da gari wayoyinmu biyu suka yi ƙara tare, da saƙon barka da zuwa Meksiko, alhali ba mu tsallaka ko'ina ba, sabis ɗin garin Ojinaga ne na tsallake ya fi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Illela wayarsa ta kamo sabis ɗin Ƙonni ya san wannan. Layukan wayoyinmu sun haɗa da Meksiko a cikin kuɗin wata, amma na rauta ba su haɗa ba, don haka na tsaya a gefen hanya na kashe musu izinin yawon ƙetare.

Lahadi, 29 ga Disamba, kusa da Las Cruces

Na karɓi na'urar ɗaga wuta a Alpine na haɗa ta da fiyus ɗinta, kuma tun daga ranar farantin bai sake mutuwa ba. Yanzu muna jihar New Mexico, a gindin duwatsun Organ, a filin gwamnatin tarayya da hukumar BLM take kula da shi, inda ake sauka kyauta har kwana 14 amma babu wuta babu ruwa. A nan ne matsalar intanet ta rikiɗe ta zama matsalar lantarki.

Batirinmu na litiyom ne mai amfiya 200, wanda idan ya cika yana riƙe da kimanin wat-awa 2,500. Na bi kayan ɗaya bayan ɗaya da mita na kwana uku. Faranti na awa goma yana cin kimanin 300, rauta da ke kunne dare da rana 240, kwamfutar aiki 360, firiji kusan 500, fankar hita da fitilu da cajin wayoyi kuma wajen 250. Jimilla ta haura 1,600 a yini. Farantan sola na wat 300 da ke kwance a kan rufi kuwa, a wannan lokaci da rana take bi ta gefen kudu ba ta hawa tsakiya, ba su ba ni fiye da 900 ba ko da sama ta yi tas. Kullum da giɓin 700 muke kwana, wato kwana uku ne a cikin na huɗu batir ya ƙare. Shekaranjiya kuma sanyin asuba ya sauka ƙasa da sifili, na'urar kariyar batirin ta hana shi karɓar caji har wajen ƙarfe goma, domin cajin litiyom a cikin daskarewa lalata shi yake yi, ta haka muka yi asarar awa biyu na rana.

Na sa rauta ta riƙa kashe kanta daga sha ɗayan dare zuwa shidan safe, faranti kuma ba a kunna shi sai inda layi ya gaza ko lokacin taro, akwatin batir na lulluɓe shi da tsohon bargo. Giɓin ya ragu zuwa kimanin 350, sauran kuma injin mota yana cike shi duk ranar da muka shiga gari ɗibar ruwa. Da na san haka tun a Houston, da kuɗin layi na biyu na watannin farko na ƙara na sayi farantin sola na tafi-da-gidanka.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025, Quartzsite

Quartzsite ƙaramin gari ne a yammacin Arizona, a mahaɗar I-10 da hanya mai lamba 95, wanda mazaunansa na dindindin ba su kai dubu uku ba, amma a watan Janairu masu motocin gida suna cika hamadar da ke kewaye da shi har iya ganin ido, musamman a makon baje kolin da ake kafa wa babban tanti. Mun sauka a yankin La Posa, inda izinin zama na kakar gaba ɗaya, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, yake dala 180, na kwana 14 kuma dala 40. Babu itace mai tsayi, ƙasa shimfiɗe take, ƙarfen sabis kuma ina hango shi da idona daga ƙofar mota.

Lambar ƙarfin sabis a nan -76 ce, mafi kyau tun da na fara aikin nan, sanduna kuma cike suke fal. Duk da haka daga ƙarfe tara na safe zuwa sha ɗayan dare ko saƙon hoto ba ya fita a layin farko, na biyu ma jan ciki yake yi. Na tashi ƙarfe huɗu na asuba na gwada, na samu megabit fiye da 60, da hantsi kuwa bai kai ɗaya ba. Ƙarfen da aka kafa don ƙaramin gari ne dubban mutane suka rataya a wuyansa, kuma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙari a kan haka, kamfanoni suna jera layuka bisa daraja a lokacin cunkoso, masu tsarin tsada a gaba, masu irin nawa na data zalla da na araha a baya, abin da ba ya bayyana ko kaɗan a wurin da babu jama'a.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga tuƙin jirgin ƙasa, wanda ya shekara da yawa yana zuwa nan. Ya gan ni ina ta hawa da sauka a kan tsani, ya zo da na'urarsa ta ƙara ƙarfin sabis ya ce in gwada. Na san ba za ta yi ba, amma ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma gani ya kori ji. Irin wannan na'ura tana kamo sabis mai rauni daga waje ta ƙara masa ƙarfi ta sake watsa shi a cikin mota, dokar FCC ta ƙayyade yawan ƙarfin da ta mota za ta iya ƙarawa, kuma wajibi ne mai ita ya yi mata rajista da kamfanin layinsa. A bakin daji, inda sanda ɗaya take zuwa tana ɓacewa, tana iya zama bambanci tsakanin kira da rashinsa. A nan kuwa ba rauni ne matsalar ba, kuma tun da hanya ɗaya kawai take ƙarfafawa maimakon huɗun da eriyata take kamawa, sai ma gudun ya ƙara raguwa. Na mayar masa da ita da godiya da kwanon shinkafa da wake, ya ce shi ma tun bara ya lura ba ta taimaka masa a nan, ya dai zaci tsufa ta yi.

Farantin ne ya ɗauki nauyin aikina a watan nan, wanda ya sa gigabait 50 ya ƙare tun ranar 12 ga wata. Taron bidiyo a aunawata yana cin kusan gigabait ɗaya a awa, lissafin bai kai haka ba, sai da na duba jerin na'urorin da ke kan rauta na ga inda sauran ya tafi. Wayar mai ɗakina tana ganin Wi-Fi sai ta ɗauka gida take, ta shiga tura duk bidiyon faɗuwar rana da aka ɗauka tun daga Texas zuwa ma'ajiyar intanet, kwamfutata ita ma ta sauke sabuntawarta a ɓoye. Na saita su duka su ɗauki wannan Wi-Fi a matsayin mai awo, na kuma koma tsarin da ba shi da iyaka na dala 165 na wannan watan kaɗai.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Jama'a sun fara watsewa, kuma layi na biyu ya farfaɗo da kansa ba tare da na taɓa komai ba. Na yi amfani da sararin na haɗa farantin da rauta, ta yadda kwamfuta Wi-Fi ɗaya take gani, rauta kuma ita take zaɓar hanya ta koma kan wata idan ɗaya ta faɗi. Da na zare wutar faranti a tsakiyar kiran gwaji, sai da aka yi daƙiƙa kusan talatin kafin layi ya karɓa, kuma amintacciyar hanyar da nake shiga kwamfutocin ofis da ita ta katse gaba ɗaya, saboda adireshin da duniya take ganina da shi ya canza. Na rage tazarar da rauta take duba lafiyar hanya daga daƙiƙa goma zuwa uku, jinkirin ya dawo wajen daƙiƙa goma sha biyu, amma shiga ofis har yanzu sai na sake yi da hannu.

Layin farko zan rufe shi a ƙarshen wata, domin a cikin wata biyun nan wurare uku kacal na rubuta inda ya yi aiki na biyu bai yi ba, kuma a dukkansu sama a buɗe take. Kuɗinsa zai tafi ga farantin sola na wat 200 mai naɗewa, wanda zan riƙa jinginawa yana fuskantar kudu. Gam ɗin gindin eriya ya ɗan tsage ta gefe ɗaya, sai na kankare shi na sake sabo kafin mu shiga ruwan gabashin Texas.

Za mu kama hanyar gida ranar 15 ga wata. A kiran yau Hajiya ta ce idan azumi ya kama a mayar da gaisuwar bayan an sha ruwa, wajen bakwai da rabi na dare a wurinsu, wanda ya yi daidai da sha biyu da rabi na rana a Houston. Na gyara takardar da ke jikin ƙofar firiji, na ƙara a ƙasanta cewa ranar 9 ga Maris agogo zai sake matsawa, lokacin ya koma ɗaya da rabi.